Labari da Sharhi: Amsa kan Maganar Edita C. P. Scott

Wata ɗaliba mai karatun aikin jarida ta aiko da tambaya biyu. Ta ce an karanta musu maganar wani editan Ingila mai suna C. P. Scott, wadda ma'anarta ita ce kowa yana da 'yancin yin sharhi, amma abin da ya faru ba a taɓa shi. Tana son sanin bambancin labari da sharhi a Hausa, da kuma karin maganar da ta dace da mutumin.

Malama, duka kalmomin biyu daga Larabci muka aro su. Labari shi ne bayanin abin da ya auku, harafin farkonsa kuwa ragowar "al" ɗin Larabci ne da ya manne wa kalmar. Sharhi kuma ya daɗe a zaurukan malamanmu kafin zuwan jarida: almajiri yana karanta matani, malam yana buɗe masa ma'ana. Malam yana iya faɗaɗa sharhi gwargwadon fahimtarsa, har ya saɓa wa wani malamin, amma ba shi da ikon sauya ko da wasali ɗaya a cikin matanin. Wannan iyakar ce Scott yake nufi a rubutun da ya yi a 1921, lokacin da jaridarsa, Manchester Guardian, ta cika shekara 100.

An haife shi a garin Bath a 1846, ya zama edita a 1872 yana ɗan shekara 25, kuma bai sauka ba sai 1929. A 1907 ya sayi jaridar ta zama tasa, ya rasu a 1932.

Karin maganar da na fi gani ta dace da shi ita ce "gaskiya ɗaci gare ta". Mutane da yawa suna ɗauka ɗacin na mai sauraro ne kaɗai, alhali mai faɗa ma yana lasarsa, wani lokaci fiye da kowa. A yaƙin da Ingila ta yi da Turawan Bowa (jikokin Turawa, galibi 'yan Holan, da suka zauna a Afirka ta Kudu) tsakanin 1899 da 1902, Scott ya fito fili ya yi adawa da yaƙin, jaridarsa kuma ta buga bayanan wata 'yar Ingila mai aikin jin ƙai, Emily Hobhouse, kan halin da matan Bowa da yaransu suke ciki a sansanonin da sojojin Ingila suka tsare su. Masu sayen jaridar suka ragu, aka riƙa kiransa maci amanar ƙasa, har sai da 'yan sanda suka yi gadin gidansa.

Sai dai ki lura, Malama, cewa adawarsa da yaƙin sharhi ce, wadda mai hankali yana iya yarda da ita ko ya ƙi. Mutuwar yara a sansanonin ita ce labari, kuma a kanta ne karin maganar ta zauna daidai.