Amsa: Me ya haɗa agogon hannu da tsofaffin motocin tsere?

Malam, ka ce wani ya kawo maka agogo nan Katsina, mai ƙananan fuskoki uku a ciki da maɓallai biyu a gefe, wai shi ne "na 'yan mota", kana tambayar gaskiyar maganar.

Da ƙamshin gaskiya. Irin wannan agogo mai auna daƙiƙa ne, direbobin tsere suka yi masa suna. Kamfanin agogo na Heuer ya fitar da mai suna Carrera a 1963, sunan daga wani mugun tsere na ƙasar Meziko aka ɗauko shi. A wannan shekarar, kamfanin Rolex ma ya kawo wanda aka sani da Daytona, sunan wani filin tseren mota a Amurka. Ni dai Mille Miglia na kamfanin Chopard, mai sunan wani tsohon tseren mota na Italiya, ya fi kwanta mini, don hatta maɗaurinsa na roba zanen tayar Dunlop aka yi masa.

Lambobin da ke zagaye da bakinsa kuwa ba ado ba ne, gudu suke aunawa. A ce kana kan hanyar Daura, wani ke tuƙi fa, ba kai ba. Ka danna maɓallin sama, in kun cinye kilomita ɗaya ka sake dannawa. Idan daƙiƙa 30 ce, tsinken zai tsaya kan 120, gudunku ke nan a awa.

Kafin ka ba da ko sisi, gwada wannan: dogon tsinken daƙiƙa ya kamata ya tsaya cik kan 12 sai an danna. Jabu da yawa nasu yawo yake yi kullum, maɓallan kuma hoto ne kawai.