Amsa ga mai cewa waya ta hana shi karatu

Wa alaikumus salam ƙanena. Ka ce kana shirin jarrabawar shiga jami'a ta JAMB, amma kafin ka gama shafi ɗaya hannu ya koma kan waya, sai dai ka ji kiran Magariba. Na ga wasu sun ce ka daure kawai. Ni dai shekara biyu na yi ina gwada dauriyar nan, ba ta kai ni ko'ina ba.

Tela ne ni a Gusau. Akwai lokacin da ƙafa ke kan keke, ido kuma na TikTok, har na taɓa yanka shaddar wani da awon wani. Yadi biyar na biya daga aljihuna, ban da kunyar da na sha.

A Satumbar 2021 aka katse layukan waya a Zamfara saboda 'yan bindiga. An sha wuya, Allah kada ya maimaita mana, don sai mutum ya bar jihar kafin ya kira ɗan'uwansa. To amma ka ji abin mamaki: kwana ukun farko ina ta zaro waya ina dubawa, alhali na san babu sabis. Ashe hannun ne ya saba, ba wani labari nake jira ba. Da aka yi mako guda, ɗinkin da ke cin min kwana biyu sai ga shi ina gamawa kafin La'asar.

Ana dawo da sabis kuwa na koma 'yar gidan jiya. Na sa wa TikTok iyakar minti talatin a Digital Wellbeing, wato saitin waya mai ƙayyade lokacin amfani da manhaja, amma tunda makullin yana hannuna, kullum sai na buɗe wa kaina. Daga ƙarshe rakani-kashi na saya, na sa layin masu kawo ɗinki a ciki, babbar kuma tana gida. Sai bayan Isha'i nake duba WhatsApp, kuma har yau ban rasa ɗaurin auren kowa ba.

Kai ma ka miƙa wa Mama wayar da safe, ka ce kada ta ba ka sai bayan Azahar ko da ka yi magiya. Tambayoyin shekarun baya ka nemi na takarda. Tunda a kwamfuta ake rubuta jarrabawar, ka riƙa zuwa wurin koyon kwamfuta sau ɗaya a mako don hannunka ya saba, wayar kuma ka bar ta a gida.