Amarya, ki tare angonki kafin ya sayi kwat ɗin nan

Wa alaikumus salam, amarya. Allah ya sanya alheri, ya ba da zaman lafiya. Na ga tambayarki tun daren jiya, na ce bari sai na sallami yara makaranta in zauna in amsa maki a tsanake, don abin da ya dame ki ni ma ya taɓa hana ni barci. Kin ce ke da angonki za ku yi kwana 7 a jirgin ruwan yawon shaƙatawa da zai tashi daga Dubai cikin Janairu, takardar da aka turo maku ta ce akwai daren ado mai suna gala, ke ga hijabi, shi kuma bai taɓa sa kwat ba, har yana shirin tafiya Kano ya saya. Don Allah ki kira shi ya juyo kafin ya kai Kankiya.

Sau biyu na shiga irin jirgin nan. Na farko ni da Alhaji daga Dubai, muka zaga Abu Dhabi da tsibirin Sir Bani Yas da Doha. Na biyu da ɗiyata muka tashi daga Barsalona, muka taɓa Marsel a Faransa da Jenowa a Italiya, har muka leƙa Rum. A tafiyar farko mun yi kuskuren da kuke shirin yi. Alhaji ya sayi kwat baƙa da nektai a Dubai, kuɗi masu ciwo. Daren gala na farko (ba galar da ake miƙo wa mutum ta tagar mota ba, haka kawai suke kiran daren kwalliya) ya sa ta, ya zauna kamar wanda aka ɗaure da igiya, kowane minti hannunsa na wuya. Muna shiga ɗakin cin abinci sai ga Larabawa cikin farar jallabiyarsu da ƙyallen kansu, matan Indiya cikin sari, ga wani dattijo ɗan Sikotlan da siket ɗin gargajiyarsu, gwiwa a waje, yana tafe yana taƙama. Alhaji ya dube ni, na dube shi. Dare na biyu ya fito da babbar rigarsa ta Sallah, farar shadda mai aikin hannu, ya kafa zanna. Daga ƙofar lifta zuwa tebur sau huɗu ana tsayar da mu a nemi hoto, har dattijon nan mai siket ya taso ya ba shi hannu. Kwat ɗin tana nan a sif har yau, ƙanensa ma ya ƙi karɓa.

Asalin al'adar daga manyan jiragen da ke ƙetare Tekun Atlantika ne, zamanin da masu kuɗin Turai da Amurka kan canja kaya musamman don cin abincin dare. Kamfanin Cunard na Ingila, wanda ya fara aiki tun 1840, shi ne ya fi riƙe ta. A jirginsu Queen Mary 2, mai yin kwana 7 daga Sawthamton zuwa New York, in dare na gala ne kuma mutum bai yi shiga ba, akwai wuraren da ba zai zauna ba, sai ya nufi wurin ɗebi-da-kanka. To ko su, masu tsananin, sun yarda da kayan ƙasar mutum na alfarma a matsayin shigar gala. Sauran kamfanoni sun sassauta ƙwarai. Norwegian ba ta tilasta daren ado sam. Royal Caribbean da MSC da Carnival suna yi, yawanci dare biyu a tafiyar mako ɗaya, amma za ki ga mai kwat, ki ga mai taguwa da wando kawai, kowa na cin abincinsa. Duk da haka ki buɗe shafin kamfanin da kuka biya ki karanta da idonki, kowa da tsarinsa.

Ke kuma taki ta fi sauƙi. Duk abin da za ki sa ki je dinar ƙawarki a Katsina, ya wadatar har ya yi yawa. Leshi ɗaya mai kyau daga cikin lefe, da doguwar riga ta shadda ko abaya mai duwatsu, daren gala biyu sun fita. Ba wanda ya taɓa ce mani uffan kan mayafi ko hijabi, a jirgin Dubai ko na Turai. Shawarata dai, ki bar gwaggwaro a gida. Abincin daren nan ba a kawo shi lokaci ɗaya, kala-kala ake jerowa, a ɗauke wannan a ajiye wancan, kusan awa biyu kuna zaune. Na yi ɗauri mai tsayi a daren farko, kafin a kawo kayan zaƙi kaina ya fara sara. Ɗankwali mara nauyi da mayafi ya fi. Haka ɗinkin da ya kame ciki, ki ce wa telanki ya bar maki wurin numfashi.

Inda mutanenmu ke tuntuɓe shi ne dararen da aka ce kowa ya sa abin da ya ga dama. Kullum da dare za a ajiye maku takardar shirin gobe a ɗaki, ko ki gani a manhajar jirgin, a ciki an rubuta shigar daren. In an rubuta shigar yau da kullum, ba wai kayan shan iska ake nufi ba. A babban ɗakin cin abinci da dare ba a son gajeren wando, ba a son singileti, ba a son silifas ɗin wanka, kayan ninkaya kau ko da rana ba a shiga da su. A gabana aka mayar da wani ɗan ƙasarmu, ya sauko da jallabiyar barci duk ta yamutse da silifas ɗan roba, yana ta faɗa wai wariya ce. Ni dai kunya ta kama ni, don ko gidan surukai ba zai je haka ba. Angonki ya riƙe kaftani uku ko huɗu masu sauƙi da takalmi sau-ciki, ke atamfofi da abaya, shi ke nan. Ranar da kuka gaji ba ku son wata kwalliya, ku hau sama wurin ɗebi-da-kanka, can ba mai kallon ƙafar kowa muddin akwai takalmi.

Maganar hula, ki faɗa mashi tun yanzu don kada ransa ya ɓaci. Turawa na ganin rashin ladabi ne namiji ya ci abinci da hula a ka, kuma dokar da suka rubuta hular hana-sallah take nufi. Wani dare wani yaro sabon ma'aikaci ya tare Alhaji a ƙofa yana nuna kansa. Alhaji bai ɗaga murya ba, ya ce mashi wannan cikon kayan ne, a garinmu dattijo ba ya fita kai ba hula. Shugaban masu hidimar ya iso, ya ba da haƙuri, ya raka mu har tebur. Sau ɗaya ke nan a tafiyar gaba ɗaya. In ya sa babbar riga kuma, ya naɗe hannuwanta a kafaɗa kafin ya zauna, teburan a matse suke, ga kofuna jere. Mun taɓa share miya da shadda.

Yanzu ga abin da na so a ce wani ya faɗa mani kafin in tafi. Ba a shiga jirgi da dutsen guga. Ba a shiga da kasko, ko gawayi, ko bona, ko kyandir. Babu abin da masu jirgi ke tsoro a teku kamar gobara, kuma duk akwati sai ta bi ta na'ura. Ni da na cika jaka da turaren wuta har da ɗan kaskona da dutsen guga ƙarami, kayan kowa suka iso ƙofar ɗaki, nawa shiru har bayan isha'i. Sai aka kira ni can ƙasa, na buɗe akwati gaban ma'aikata, suka ɗauke, suka ba ni 'yar takarda, sai ranar sauka na karɓa. Laifina ne, yana rubuce ban karanta ba. Ke amarya ce, na san ba za ki yarda ki yi mako babu ƙamshi ba, don haka ki turara kayanki tun a gida kwana biyu kafin tafiya, ki ninke su da zafinsu ki sa a leda ki ɗaure. Ƙamshin zai kai ku har dawowa. Humra da turaren fesawa ba matsala, ki dai naɗe kwalbar da kyau a akwatin da za a auna. Kuma ki rage hannu in za ki tebur, wurin a rufe yake, wani lokaci da baƙi za a haɗa ku.

Guga kuwa akwai masu wanki a jirgin, da kuɗi, ana lissafa kowane kaya daban. Kada ki kuskura ki ba su shadda su wanke, ba su san bugu ba, za ta dawo maki ta mutu kamar zanin gado. A kai babbar rigar wurin masu bugu a nan gida, a bar ta a ninkin da suka yi, a shimfiɗa ta a ƙasan akwati. Karin ninkin nan ai shi ne adon, ba ta buƙatar komai. Atamfa in ta ɗan yamutse, ki rataye ta a banɗaki ki saki ruwan zafi, tururin zai sassauta ta. Sif ɗin ɗakin ƙarami ne, akwati ƙarƙashin gado ake turawa, kada ki kwashi rabin lefe.

Akwai iska, akwai sanyi. Cikin jirgi na'urar sanyaya ɗaki ba ta hutawa, a waje kuma da dare Janairun yankin Dubai kamar farkon hunturunmu ne, sai dai babu ƙura. Ki sa suwaita ɗaya da safa. A saman jirgi iska na da ƙarfin da ba ki zata ba: gyalena mai tsada, sabo fil, ina tsaye ina kallon fitilun Doha ya tashi, ina ji ina gani ya bi ruwa. Tun daga ranar hijabi mai hannu nake sawa in zan hau sama, ko in kafe mayafi da fil. Takalmi mai tsini ki ajiye shi don hoto kawai. Daga ɗakinku zuwa wurin cin abinci kan yi tafiyar da ta kai daga Ƙofar Soro zuwa masallacin Juma'a ki dawo, ga jirgi na ɗan lilo.

Wasu jiragen, musamman na MSC, suna yin daren fararen kaya. Ba dole ba ne, kuma yawanci kiɗa da rawa ne a bakin wurin ninkaya, mu ba mu zauna ba. Amma ki sa farar abaya ko farar shadda ɗaya don kada ku zama ku kaɗai daban a tebur.

Abincin dare zama biyu ake yi, na farko wajen ƙarfe 6 zuwa 6 da rabi, na biyu bayan 8, kuma lambar teburinku na jikin katin ɗaki. A Dubai cikin Janairu rana na faɗuwa gab da ƙarfe 6, wato zaman farko yana cin karo da magariba. Mu na biyu muka zaɓa, mu yi magariba da isha'i a ɗaki, mu shirya a natse. Ku je kan lokaci, in kun makara sosai ana iya rufe ƙofa. Mai hidimarku ɗaya ne har ƙarshen tafiya, don haka daren farko ki faɗa mashi ba ku shan giya, ba ku cin alade, zai kwashe kofunan giyar ya riƙa nuna maku abin da aka dafa da ita, don suna zuba ta a miya da kayan zaƙi ma. Naman halal tun kafin tafiya ake nema ta wurin wanda ya yankar maku tikiti, in ba a samu ba kifi na nan kullum. Cokula da wuƙaƙen da aka jera kada su ruɗa ki, daga na waje ake farawa a shigo ciki, in kin ɓata ma ba mai lura. Ni da 'yar kwalbar yajina nake zuwa a jaka, mai hidimarmu ɗan Indonesiya har ɗanɗanawa ya yi ya nemi ruwa. Wanda duk wannan ya dame shi, Saudiyya ta fara nata jirgin, Aroya, daga Jidda a Disambar 2024, shi babu giya a cikinsa.

Daren gala akan yi layin hoto da kyaftin. Zai miƙo hannu. Ki dafa ƙirji ki ɗan russuna da murmushi, sun saba, ba zai ji komai ba. In kina sa niƙabi, ranar shiga ana ɗaukar hoton fuska, kuma duk sauka da hawa sai an duba kati a gwada da fuskar, sai ki nemi ma'aikaciya mace. Ranar Abu Dhabi in za ku masallacin Sheikh Zayed, mata sai an rufe kai da hannu har ƙafa, nan za ki ga Turawa na neman mayafi ke kin wuce abinki.

Ranar shiga ki riƙe kaya ɗaya da hijabin salla a jakar hannu, don akwati kan kai yamma ba ta iso ba. Daren ƙarshe kuma ana fitar da akwatuna bakin ƙofa kafin a kwanta, ba za ki sake ganinsu ba sai a tashar ruwa. Ki ware kayan da za ku sa da safe, har da takalmi da hularsa. Ɗiyata ta tattara komai ta rufe, da safe ta sauka Barsalona da takalmin dina da hijabina na salla.

Ki gaida angon. Ki ce Hajiya ta ce kuɗin kwat ɗin ya ƙara maki leshi ɗaya, sauran a ba masu bugu.