Bishiyar ceri mai aure huɗu a ɗan lambun bayan gida

Tambaya ta farko ta zo daga wani ɗan'uwa mazaunin Birmingham a Ingila. Ya ce shekara uku da suka wuce ya sayi dashen ceri, wato itacen ƙasashen sanyi mai ƙananan 'ya'ya da ake ci, wanda aka aura wa iri huɗu a kan gindi ɗaya, ya dasa shi a ɗan filin bayan gidansa, amma yanzu reshe ɗaya ya yi tsawo ya rufe sauran, wani kuma ya tsumbure har yana neman bushewa. Yana son ya san ko cutarsa aka yi wajen saye.

Malam, ba a cuce ka ba, abin da ka gani shi ne halin irin wannan bishiya idan aka bar ta ta yi yadda take so. Kowane irin ceri yana da nasa ƙarfin girma, saiwar da ke ciyar da su kuwa ɗaya ce, kuma ruwan jikin bishiya ya fi tafiya zuwa reshen da ya fi tsawo da yawan ganye. Da zarar reshe ɗaya ya yi gaba, sai ya ƙara samun abinci da hasken rana, na ƙarƙashinsa su ƙara komawa baya, kowace shekara tazarar tana ƙaruwa. Tun da mu Hausawa aure muke kiran wannan aiki, to ka ɗauka rassan nan huɗu abokan zama ne a gida ɗaya, kuma kai ne mai raba musu adalci.

Gyaran yana hannunka, kuma da almakashin datse itace ake yin sa. Ka rage tsawon babban reshen sosai har ya daidaita da matsakaitan, ka cire ƙananan rassansa da ke yi wa raunanan inuwa, shi kuwa mai raunin kada ka taɓa shi sai idan akwai busasshen wuri. Lokacin yin wannan aiki yana da muhimmanci ƙwarai. Ba a datse ceri a Ingila cikin hunturu kamar yadda ake yi wa bishiyar tuffa, domin a lokacin sanyi da danshi ne cututtuka biyu suke shiga ta bakin yanka: naman gwarin da ke mai da ganye kalar azurfa, da ƙwayar cutar da ke sa ɓawo ya ruɓe yana fitar da ƙaro. Ka jira Yuli ko Agusta, bayan an tsinke 'ya'yan, ka zaɓi ranar da gari ya bushe. Datsewar wannan lokaci tana da wani amfani kuma, domin tana rage wa reshe ƙarfi, alhali datsewar hunturu zuga shi take yi ya ƙara tofo.

Akwai dabara ta biyu da nake ganin ta fi yanka sauƙi ga mai farawa. Ka ɗaura igiya mai laushi a reshen mai ƙarfi, ka janyo shi ƙasa a hankali har ya kusa kwanciya, ka ɗaure a turke. Reshen da ya kwanta yana rage tsawo ya koma yin fure. Mai raunin kuma ka tallafe shi da sanda ya miƙe sama, sannan ka tsinke duk 'ya'yan da ya ɗauka tun suna ƙanana, shekara ɗaya ko biyu, don ƙarfinsa ya tafi wajen yin itace. Na san wannan yana da wuya ga wanda ya daɗe yana jiran ɗanɗano, amma reshen da bai yi ƙwari ba idan aka bar shi da kaya yana iya mutuwa, kuma mutuwarsa asarar iri guda ce sukutum.

Ka duba ko takardun sunan da aka ɗaura wa kowane reshe suna nan. Idan sun fara gogewa, ka shafa ɗan fenti kala daban-daban a gindin kowane reshe ka rubuta a littafi, domin sau da yawa mutum yakan sare iri guda da hannunsa cikin rashin sani. Duk tsiron da ya fito daga saiwa ko daga ƙasa da gaɓar auren kuma ka fizge shi tun yana ɗanye, don ba irin da ka saya ba ne.

Tambaya ta biyu daga wata 'yar'uwa ce da ke zaune a Jamus, wadda filinta bai wuce mita 4 zuwa 5 ba, tana tambaya ko ta sayi mai aure da yawa ko mai iri ɗaya.

Hajiya, dalilin da ya sa ake haɗa iri da yawa a gindi ɗaya shi ne yawancin tsofaffin irin ceri mai zaƙi ba sa ɗaukar 'ya'ya da garin furensu, sai ƙudan zuma ya kawo na wani iri dabam. Ba kuma kowane iri ne yake yi wa ɗan'uwansa ba, misali Bing da Lambert da Napoleon ba sa amfanar juna. Amma tun 1968, da cibiyar bincike ta Summerland a Kanada ta fitar da Stella mai ɗaukar 'ya'ya ita kaɗai, wannan larura ta ragu, ga kuma Lapins da Sunburst masu irin wannan hali. A ra'ayina, idan ba ki da lokacin bin bishiya da almakashi kowace shekara, ki ɗauki iri ɗaya daga cikin waɗannan. Abin da ya fi yawan iri muhimmanci shi ne gindin da aka yi auren a kansa. Ki nemi Gisela 5, wanda aka samar a Giessen da ke ƙasar da kike, domin bishiyarsa takan tsaya wajen mita 3, yayin da Colt yakan kai mita 5 ko fiye. Ki dasa tsakanin Nuwamba da Maris a ranar da ƙasa ba ta daskare ba, a wurin da ruwa ba ya kwanciya, gaɓar auren tana sama da ƙasa, ki kafa mata turke. Idan mai aure da yawa kika zaɓa, ki juya reshen da ya fi ƙanƙanta ya fuskanci kudu, inda rana ta fi yawa. Ki tanadi raga tun kafin 'ya'yan su fara ja, don tsuntsaye ba sa jira su nuna.

Na ukun malami ne daga Zariya, wanda ya ga hoton irin wannan bishiya a intanet yana son a kawo masa dashenta.

Malam, kada ka kashe kuɗinka. Ceri sai ta yi barcin sanyi kafin ta yi fure, yawancin irinta suna bukatar awa 700 zuwa sama da 1,000 a sanyin da bai wuce digiri 7 ba, kuma ko waɗanda aka samar don wurare masu ɗumi, irin su Minnie Royal da Royal Lee, suna neman awa 200 zuwa 300. Hunturun Zariya, duk da tsananinsa da asuba, ba ya tara wannan adadi. Ba kuma a aura ceri a kan magarya ko gwaiba, domin aure ba ya kamawa sai tsakanin dangi na kusa.

Abin da ka yi sha'awa kuwa yana yiwuwa da itatuwanmu. Gindin lemo ɗaya yana ɗaukar lemon zaƙi da tanjarin da lemon tsami, gindin mangwaron gida kuma yana ɗaukar Julie da Peter da Keitt, har ka samu mai nuna da wuri da mai nuna a makare a tsakar gida ɗaya. Ka zaɓi tsiro mai kaurin fensir, tsawon santimita 10 zuwa 15, daga bishiya mai lafiya da ka san 'ya'yanta, ka cire ganyensa mako guda kafin ka yanko shi, ka fiƙe shi da wuƙa mai kaifi, ka cusa a tsagar reshen, ka naɗe da leda sosai. Ka yi aikin lokacin da bishiyar take sabon tofo, ka guji tsakiyar hunturu da tsakiyar ruwan Agusta, cikin mako uku zuwa huɗu za ka ga wanda ya kama. Julie ba ta da saurin girma kamar Keitt, lemon tsami kuma yakan rinjayi tanjarin, saboda haka mai raunin za ka ba reshen da ya fi samun rana, mai ƙarfin kuma ka riƙa rage shi duk bayan tsinke 'ya'ya.