Amsoshin Tambayoyinku: Fim ɗin Tsoro na Daji, Allo Zan Saya ko Lasifika?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da shagon cajin waya a wani ƙauye da ke ƙaramar hukumar Ringim, kuma bayan sallar isha'i matasa sukan taru mu kalli fim da wutar sola. Kwanakin baya mai tura fina-finai ya zuba mini wani fim ɗin tsoro na Turawa da aka yi a daji, muka shafe rabin sa'a babu dodo babu jini, har jama'a suka watse suna cewa an cuce ni. Yanzu na tara 'yan kuɗi. Shin talabijin mai faɗi zan saya ko lasifika, kuma wane fim zan nema?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Ba a cuce ka ba, ɗan'uwa, sai dai an ba ka irin fim ɗin da ba a shirya shi domin taron majalisa ba. Masu yin sa ba su dogara da dodon da zai faɗo wa mai kallo ba zato ba tsammani. Abin da suke yi shi ne su kai mutane kaɗan wurin da babu mai jin ihunsu, sannan su bar yunwa da gajiya da zargin juna su yi ta cin su a hankali. Duk wanda ya taɓa kwana gadin gona, ko dare ya riske shi a hanyar dajin Falgore, ya san cewa gaba ba ya faɗuwa sai lokacin da gyare ya yi shiru.

Saboda haka lasifika za ka saya, kuma ba na ko tantama a kan wannan. Ka ɗauki The Blair Witch Project na shekarar 1999, labarin ɗalibai uku da suka ɓace a wani daji na jihar Maryland ta Amurka. Har fim ɗin ya ƙare ba a nuna mayyar da ake cewa tana dajin ba ko sau ɗaya. Abin da ake gani tarin duwatsu ne a bakin tanti, da itatuwan da aka ɗaure da siffar mutum aka rataye, da yadda suka yini suna tafiya suka sake ɓullowa inda suka baro da safe. Sauran duk a kunne yake, wato ƙarar reshe da ke karyewa daga nesa da muryoyin da ba a san daga ina suke fitowa ba. Idan lasifikarka ƙaramar MP ce mai kururuwa, to allo ko ya kai faɗin bango ba zai nuna maka komai ba sai duhu. Ka je da wayarka wurin mai sayarwa, ka kunna wurin da ake magana ƙasa-ƙasa, ka rage sauti. Wadda ta fitar da raɗa sarai ita ce taka, ba wadda ta fi ƙara ba.

Akwai kuma abu biyu da ke kashe irin waɗannan fina-finai tun kafin su iso ƙauye. Na farko shi ne matse fim domin ya shiga ƙaramin memori, domin wuraren duhu ne suke fara lalacewa, su koma dabbare-dabbare. Gara ka karɓi fim biyar masu kyau da ashirin da aka matse. Na biyu fassara ce. Ina girmama masu fassarar Hausa, amma al'adarsu ita ce cike kowane gurbi da barkwanci, alhali a nan shirun shi ne jarin fim ɗin.

Game da zaɓi kuwa, ka fara da The Ritual na 2017, inda abokai huɗu 'yan Ingila suka yanke ta cikin wani daji a arewacin Suwidin bayan ɗayansu ya ji ciwo a gwiwa. Yana tafiya sannu, amma a ƙarshe ana ganin abin da ke bin su, don haka masu neman dodo ba za su ce an cuce su ba.

Tambaya: Malam, ni uwa ce daga yankin Doguwa. Ɗana mai shekara 13 yana roƙon in bar shi ya kalli The Witch a wayar yayansa, wai labarin manoma ne. In ƙyale shi?

Amsa: Malama, kada ki ƙyale shi. Gaskiya ne fim ɗin, wanda ya fito a 2015, labarin wani iyali ne na manoma da aka kora daga gari a Amurka ta wajajen 1630, suka kafa gida a bakin daji, jaririnsu ya ɓace, amfanin gona ya lalace, suka shiga zargin juna da maita. Amma akwai tsiraici da tsafi da kisan ƙananan yara a ciki, kuma ko a Amurka ba a barin wanda bai kai shekara 17 ba ya shiga kallonsa sai tare da babba. Ki yi magana da yayan nasa ya goge shi daga wayar, ki kuma tambaye shi abin da ya rage a memorin.