Ga ƙanwata mai shirin jera duwatsun ado don musayar kayan hannu

Assalamu alaikum. Ƙanwata, na ga tambayarki tun daren jiya, amma na bari sai da gari ya waye na sallami yara makaranta, domin abin da kika tambaya ba a amsa shi a tsaitsaye. Kin ce ƙungiyarku ta mata masu sana'ar hannu za ta yi musayar kaya nan da mako uku, an jefa ƙuri'a, ke kuma sunan wata baiwar Allah mai saƙa ya faɗo miki. Kina so ki yi mata abin wuya da 'yan kunne na duwatsu, amma ba ki san irin dutsen da za ki saya ba, ba ki san zaren da ya dace ba, kuma kina fargabar kada naki ya zama shi ne ƙarami a gaban jama'a. Na haura shekara goma sha biyar ina wannan aiki a nan Maraɗi, na kuma shiga irin wannan musaya sau da dama, saboda haka abin da zan gaya miki hannuna ne ya koya mini shi.

Bari in fara da fargabar, tunda ita ce ke sa mutum ya ɓarnatar da kuɗinsa a banza. Mu matan garin nan mun tashi cikin al'adar biki, inda ƙawa za ta kawo miki jaka ɗaya ranar sunan ɗanki, ke kuma ki mayar mata da biyu ranar nata, kowa na riƙe da lissafi a ka. Wannan lissafin ne kike neman ki shigo da shi cikin musayar, alhali musayar kayan hannu ba biki ba ce. Idan ba ku riga kun yi ba, ki roƙi shugabarku ta yanke iyakar abin da kowace za ta kashe wajen sayen kayan aiki. Mu a tamu ƙungiyar jaka biyu muka tsayar, wato sefa 2000, kuma tun daga ranar aka daina kallon juna a kaikaice. Wadda za ki yi wa masaƙiya ce, ta san wahalar aikin hannu, kuma na tabbata kafin ta dubi ƙyallin dutsen sai ta juya sarƙar ta dubi ƙullin.

A musayata ta farko na sayi duwatsun da ake kira tsakiya masu kyau, jajaye masu nauyi, na jera su a zaren tela da na ninka biyu, na ƙulle, na kai. An yaba ƙwarai. Bayan kamar kwana goma matar ta saka sarƙar zuwa wani ɗaurin aure a unguwar Bagalam, tana cikin sunkuyawa za ta ɗauki kwano sai zaren ya tsinke, duwatsu suka watse cikin rairayi, yara suka yi ta wawa suna tsinta. Ta dawo mini da abin da aka samu ƙulle a bakin mayafinta, ba ta ce mini komai ba sai "ga shi, ko za a iya gyarawa." Wannan shirun nata ya fi mini zagi ciwo. Da na dubi bakin zaren sai na ga ba a wurin ƙulli ya rabu ba, a tsakiya ne, inda kaifin bakin hudar dutsen ya yi ta cin sa a hankali kamar zarto. Tun daga ranar nake zaɓen zare kafin in zaɓi dutse, kuma a nan nake so ki fi mai da hankali.

Zaren tela na ɗinki ne, ki bar shi a wurin tela. Idan ƙananan duwatsun gilashi za ki jera, marasa nauyi, zaren nailan irin na masunta ya isa, mai kaurin milimita 0.25 zuwa 0.35, sai dai ki sani yana riƙe lanƙwasa, idan aka naɗe sarƙar aka cusa ta a jaka takan fito a karkace. Idan dutse mai nauyi ne, kamar tsakiya ko manyan gilashi, ki nemi siririyar wayar nan mai rufin roba da masu sayar da kayan ado ke yankawa a mita. Ita ba a ƙulle ta, ana ratsa ta ne cikin wani mitsitsin zoben ƙarfe, a bi ta cikin maƙullin sarƙar, a komo ta cikin zoben, sannan a matse shi da awartaki har ya lafe. Kada ki ja ta ta yi tsam, ki bar ɗan sarari kamar kaurin allura, in ba haka ba sarƙar za ta sandare a wuya kamar an sa mata sitati. Ga duwatsu masu faɗin huda kuwa, ni ban ga abin da ya kai igiyar fata ba. Allah ya ba mu jar akuyar Maraɗi wadda fatarta ta yi suna har ƙasashen Turai, kuma idan kika je wurin dukawa kika gaya musu tsawon da kike so, za su yanko miki siririya mai laushi da kuɗi kaɗan.

Na san za a ba ki shawarar zaren roba mai miƙewa saboda sauƙinsa. Don abin hannu yana da kyau, mai kaurin milimita 0.8, amma kada ki yi abin wuya da shi. Kafin ki zura dutse ko ɗaya, ki ja shi da hannu biyu sau huɗu ko biyar ya gama miƙewarsa, don kada ya saki bayan an fara sawa. Wajen ƙulli, ki ɗaura kamar yadda aka saba, amma a zagaye na biyu ki ratsa bakin zaren sau biyu kafin ki ja, sannan ki ja dukkan ɓangarorin huɗu, wato bakunan zaren biyu da gefunan abin hannun biyu, har ki ji ya zauna. Ki ɗiga masa ruwan farce marar launi, ki bari ya bushe, ki yanke, ki ja ƙullin ya ɓuya cikin hudar dutsen da ke kusa da shi. Gam ɗin nan mai kamawa nan take yana busar da roba har ta karye, na yi asarar abin hannu kusan goma kafin in gane shi ne mai laifin. Kuma ko da an yi komai daidai, zafin watan Afrilu da Mayu na garin nan, da ke haura digiri 40, yana gajiyar da roba, don haka ki gaya wa mai shi kada ta bar shi a rana ko kusa da murhu.

Game da duwatsun, mafi yawan abin da za ki tarar a Babbar Kasuwa gilashi ne da roba da ake shigowa da su daga Sin da Indiya, yawanci ta hanyar Kano, a biyo da su Katsina da Jibiya zuwa Ɗan Issa. Shi ya sa lokacin da aka rufe iyaka a 2023 muka sha wuyar samun wasu launuka. Rarrabe gilashi da roba ba wuya: gilashi ya fi nauyi, yana da sanyi idan kika ɗora shi a kumatu, yana kuma yin ƙara idan kika ƙwanƙwasa shi a haƙori, roba kuwa sau da yawa za ki ga ɗan layi a jikinta inda aka haɗa ɓari biyu. Ƙananan duwatsun da ake sayarwa a leda wani lokaci suna zuwa da lamba, kuma lambar a juye take, duk wadda ta fi girma dutsenta ya fi ƙanƙanta: 11/0 kamar milimita 2 ne, 8/0 kamar 3, 6/0 kamar 4. Tunda yanzu kike farawa, ki ɗauki 8/0 ko 6/0, domin 11/0 sai da siririyar allura da ido mai ƙarfi.

Idan kina da wanda zai je Kano, ki sa ya leƙa Kasuwar Kurmi ya samo miki ko da guda biyar ne na duwatsun Bida, waɗanda Nufawan unguwar Masaga ke narka kwalabe su yi da hannu, ko irin na mutanen Krobo a Gana, da ake daka gilashi ya zama gari a zuba a mazubin yumɓu a gasa. Ba su da santsi irin na inji, kowane da kamanninsa, kuma guda uku ko biyar a tsakiyar sarƙa sun isa su ɗaga darajarta, sauran ki cike da masu araha.

Abin da ba na so ki tsallake shi ne gwajin launi. Yawancin duwatsu masu ruwan zinariya da masu kama da lu'ulu'u fenti ne aka shafa musu a waje. Ki sayi kaɗan tukuna, ki jiƙa su a ruwan sabulu su kwana, da safe ki murza su a farin ƙyalle, sannan ki shafa wa guda biyu humra ko turaren fesawa ki ga abin da zai faru. Matanmu ba sa fita ba turare, ga kuma gumi, idan dutse ba zai jure waɗannan biyu ba to bai dace da wuyan 'yar Maraɗi ba. Na taɓa ganin jan dutse ya zuba a wuyan farin leshi, kuma leshin ya ninka kuɗin sarƙar sau ashirin.

Sai awo. Kada ki auna da wuyanki, ba ke za ki saka ba. Idan sirri kuke yi, ki tambayi wata ta kusa da ita, ko ki lura da irin abin da take sawa a taro. Sarƙar da ke kwanciya a gindin wuya takan kai santimita 42 zuwa 45, amma ga mace mai jiki ki ƙara, kuma ki sa 'yar gajeruwar sarƙar ƙarfe ta santimita 5 a bayan maƙullin don ta daidaita da kanta. Abin hannu kuwa, a auna wuyan hannu da zare a ƙara santimita ɗaya da rabi zuwa biyu. Lissafin saye mai sauƙi ne: dutse mai milimita 8 guda 50 ne ke cika santimita 40, mai milimita 6 kuma guda 30 ne ke cika santimita 18. Ki sayi fiye da haka, domin a kowace leda sai an samu masu toshewar huda da masu fashewar baki, kuma idan kika koma kasuwa bayan mako guda da wuya ki sami launin daidai da na farko.

'Yan kunne ne suka fi sa ni tunani a tsarin naki. Idan matar mai hijabi ce kullum, dogayen 'yan kunne masu lilo za su yi ta maƙalewa a yadi suna ja mata kunne, ƙarshenta a akwati za su ƙare. Ki yi gajeru, dutse biyu ko uku, ki kuma lanƙwasa bakin wayar ya rufe sosai. Ki bincika ko ƙarfe na sa mata ƙaiƙayi, domin ƙugiyoyin kunne masu araha sukan ƙunshi wani ƙarfe da ake kira nikel, wanda ke kumbura wa wasu kunne. Idan haka ne, ki je wurin maƙeran azurfa, Buzayen da ke ƙera kayan ado, su yi miki ƙugiya biyu, ko da zai sa ki rage yawan duwatsu. Idan kuma tana da goyo, ni da zan ba ki shawara sai ki bar abin wuyan ki yi abin hannu da 'yan kunne, saboda jariri ba abin da yake so kamar fizgar sarƙa, kuma ƙaramin dutse a bakin yaro ba abin wasa ba ne.

Launi ba zan koya miki ba, idonki ya sani. Ki dubi atamfar da ta fi yawan ɗaurawa, ki ɗauki launi biyu daga ciki, ki ƙara na uku kaɗan.

Wajen aikin kansa, ki shimfiɗa tawul a kan faifai ko tire don kada duwatsun su yi ta gangarawa, ki jera su a kan tawul ɗin yadda kike so su kasance, tun daga tsakiya zuwa gefe biyu, kafin ki taɓa zare. Ki maƙala abin matse kayan shanya a ƙarshen zaren don kada su zube ta baya. Ki yi aikin da hantsi a inuwa, domin da dare a hasken fitila shuɗi mai duhu da baƙi duk ɗaya suke, na sha warware aikin dare da safe. Ki gama a mako na biyu, sannan ki saka sarƙar a wuyanki ki wuni da ita, ki yi shara, ki yi girki, ki sunkuya, ki ga ko tana juyawa, ko tana cizon gashi, ko wani bakin waya yana sukar fata. Idan akwai matsala, kina da mako guda na gyara.

Ranar miƙawa ki haɗa mata da 'yar leda mai ɗauke da ragowar duwatsu huɗu ko biyar na kowane launi, da 'yar takarda da kika rubuta irin zaren da kika yi amfani da shi, don ko bayan shekara wani abu ya faru kowace mai jera duwatsu za ta iya gyara mata. Idan ƙullin roba ko matse zoben ƙarfen ya gagare ki, ki zo da kayanki wurin taronmu na ranar Alhamis bayan la'asar, zan taho da awartakina mu yi na farko tare.