Wai da gaske Amurka za ta tattara ta koma gida?

Tambaya: Salam Malam, don Allah tun da Trump ya dawo nake jin ana cewa Amurka ta gaji da zama 'yar sandan duniya, za ta koma gida ta ji da kanta. Wannan sabon abu ne? Kuma in ta tafi ba hutawa duniya za ta yi ba?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Ba sabo ba ne kam, wannan gardama ta kusa sa'ar ƙasar kanta. Shugabansu na farko George Washington da zai sauka, a 1796 ya ja musu kunne kada su ƙulla ƙawancen dindindin da kowa, don lokacin ƙasar ba ta da ƙarfi, Ingila da Faransa na ta gwabzawa, ga teku ya raba su da rigimar, to me zai kai su. Amma fa ƙasar da ke cewa ba ruwanta ita ce ta yaƙi Meziko daga 1846 zuwa 1848 ta raba ta da wajen rabin ƙasarta har da Kalifoniya, a 1898 ta karɓe Filifin daga hannun Sifen, ta mamaye Haiti daga 1915 har 1934. Rigimar Turai ce suke gudu, maƙwabta kam ba su huta ba.

Inda abin ya yi zafi sosai shi ne bayan yaƙin duniya na farko. Shugaba Woodrow Wilson shi ya kawo shawarar kafa ƙungiyar ƙasashen duniya, wadda ta gabaci Majalisar Ɗinkin Duniya, ya dawo gida majalisar dattawansa ta ƙi amincewa a 1919, ta sake ƙi a 1920, Sanata Henry Cabot Lodge da mutanensa suka ce sashe na 10 na yarjejeniyar zai iya jan su yaƙi ba da izinin majalisa ba. Daga nan sai dokar harajin kayan waje ta 1930, sai dokokin 'yan ba-ruwanmu daga 1935 da suka hana sayar wa masu yaƙi makamai, mai zalunci da wanda aka zalunta duk ɗaya. A 1940 aka kafa ƙungiyar America First, eh tun lokacin ake wannan kirarin na "Amurka ce farko" da Trump ke yi, matuƙin jirgin nan Charles Lindbergh ne babban mai magana da yawunta, suna cewa Hitler matsalar Turawa ce. Japan ta kai hari sansanin sojan ruwan Amurka na Pearl Harbor ranar 7 ga Disamba 1941, cikin 'yan kwanaki ƙungiyar ta rushe kanta. Shi kenan sai aka koma ɗaya gefen gaba ɗaya, Majalisar Ɗinkin Duniya a 1945, shirin Marshall na kusan dala biliyan 13 don farfaɗo da Turai, ƙawancen tsaro na NATO a 1949, sansanonin soja daga Jamus har Japan.

Masu cewa a koma gida yau suna da hujja, kada a raina musu. Shekara 20 a Afghanistan, Taliban ɗin da aka kora a 2001 su suka dawo a 2021, Iraƙi aka shiga a 2003 a kan makaman da ba a gani ba, talakan Ohio da masana'antarsu ta rufe yana tambaya shi me ya samu. Ɗaya ɓangaren kuma cewa suke wannan shisshigin shi ke riƙe da darajar dala da hanyoyin jiragen ruwa, tallafin ƙasashen waje da ake wa kuka bai wuce kusan kashi 1 cikin 100 na kasafin kuɗi ba, kuma sau ɗaya tak aka taɓa aiki da sashe na 5 na NATO, wanda ya ce in an taɓa ɗaya an taɓa kowa, shi ma Amurka aka kai wa ɗauki bayan harin 11 ga Satumba.

Ni a ganina tambayar "za ta tafi ko za ta zauna" ita ce ke ruɗa mutane. Trump ya fice daga yarjejeniyar sauyin yanayi ta Paris, ya sa hannu kan fita daga WHO, ya rushe hukumar ba da agajinsu ta USAID a 2025, amma shi ya kashe Janar Soleimani na Iran a 2020, shi ya jefa wa tashoshin nukiliyar Iran bama-bamai a Yunin 2025. Wannan ai ba mai tafiya gida ba ne, mutum ne da ke so a kwance masa hannu, ya doki wanda ya ga dama ba sai ya nemi yardar ƙawaye ba, kuma ba ya son biyan kuɗin adashi.

Batun hutawa kuwa, duba me ya fara tafiya. Sojojinsu da suka bar Agadas a 2024 ba don kansu suka fita ba, gwamnatin sojan Nijar ce ta ce su tattara. Abin da suka janye da hannunsu shi ne kuɗin magani da abinci, irin wanda cibiyoyin kula da yara masu tamowa a Borno da masu karɓar maganin ƙanjamau suka dogara da shi, kuma wannan giɓin gwamnatocinmu ne za su cike shi daga kasafinsu, don Rasha da Sin da ake ta yi wa maraba ba wannan kasuwar ce ta kawo su ba.